Ina da girin kad, na yi rajistar zaɓen magajin garin New York: me zai same ni?

Tambaya: Barista, ina zaune a Bronx, cikin birnin New York, shekara 7, ina tuƙin tasi, ina da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin a Amurka. Ana gab da zaɓen magajin gari na 2025, wasu samari suka kafa tebur kusa da masallacinmu, suka ce an yi doka mai girin kad ma zai iya zaɓen magajin gari. Na cika takarda na sa hannu, amma ranar zaɓe ban je ba. Yanzu ina shirin neman zama ɗan ƙasa, wani ya ce na jefa kaina cikin rijiya. Wallahi barci ya ƙaurace min.

Amsa: Ɗan'uwa, gode wa Allah da ba ka jefa ƙuri'ar ba, wannan ya rage nauyin sosai. Amma kada ka tura takardar neman zama ɗan ƙasa, wato N-400, tukuna, kuma ka daure ka jinkirta tafiya gida sai lauya ya duba lamarinka.

Wannan jita-jitar ta ishe ni, kusan kullum sai an kawo min ita. Abin da ya sa ta ƙi mutuwa shi ne tana da ɗan tushe. A Disambar 2021 majalisar birnin New York ta amince da dokar da za ta bai wa masu girin kad da masu izinin aiki, kimanin mutum 800,000, damar zaɓen magajin gari da kansiloli. Ba a taɓa aiki da ita ba ko sau ɗaya. Wani alƙali a Staten Island ya soke ta a Yunin 2022, aka ɗaukaka ƙara, har kotun ƙoli ta jihar ta rufe maganar a Maris ɗin 2025, alƙalai 6 suka ce ta saɓa wa tsarin mulkin jihar, 1 ya ƙi. Wato tun kafin Zohran Mamdani ya kayar da Andrew Cuomo a zaɓen fid da gwani na takarar magajin gari a Yunin 2025, dokar ta riga ta mutu. Mutanenmu sun ji labarin haihuwarta a WhatsApp, ba wanda ya tura musu sanarwar rasuwarta.

Sai wani ya ce ai yayansa na zaɓe a Maryland da girin kad. Gaskiya ne, Takoma Park da wasu ƙananan garuruwan can sun yarda, birnin Washington ma haka. Kowane gari da nasa allon. Na New York ya ce sai ɗan ƙasa.

Ga inda haɗarin yake. Takardar rajistar da ka cika, tambayarta ta farko ita ce ko kai ɗan ƙasar Amurka ne. Idan an yi alama a “e” kuma sa hannunka na ƙasa, a idon hukumar shige da fice ka yi iƙirarin zama ɗan ƙasa na ƙarya. Wannan laifi na iya jawo kora, kuma yana cikin waɗanda da wuya a samu yafiya a kansu. Takardar N-400 kuwa tana tambaya ƙarara ko ka taɓa yin rajistar zaɓe ko jefa ƙuri'a. Ka ce a'a, ka ƙara ƙarya a kan kuskure, alhali sunanka na cikin kundin masu zaɓe da ba a ɓoye yake ba.

Abin da ya fi ba ni haushi su ne masu cika wa mutane takardu a bayan shagon tura kuɗi. Su karɓi dalolinka, su ce “rubuta a'a kawai, wa zai duba?” Ranar da jami'i ya ajiye maka kwafin rajistarka a kan tebur, ba za ka ga ƙeyarsu ba. Haka masu cewa tunda Musulmi ya hau kujera komai zai yi sauƙi. Mamdani ya ci zaɓen magajin gari na 4 ga Nuwambar 2025, shi ne Musulmi na farko a wannan muƙami, amma magajin gari ba ya ba da takardun zama, ba ya kuma hana kora. Wannan hurumin gwamnatin tarayya ne. Shi kansa haifaffen Kampala ne, sai da ya zama ɗan ƙasa a 2018 kafin ya tsaya takarar komai.

Ka nemi lauyan shige da fice na gaske, ya karɓo kwafin takardarka daga hukumar zaɓen birnin, a ga wane akwati aka yi wa alama da kuma ko rubutunka ne. Shi zai tsara wasiƙar soke rajistar, kada ka rubuta da kanka. Ka ajiye duk wasiƙar da hukumar zaɓe ta aiko maka. In kana son taimakon ɗan takara nan gaba, mai girin kad na iya ba da gudummawar kuɗi, ya raba takardu, ya kai masu zaɓe rumfa a tasinsa. Akwatin ƙuri'a ne kawai ba naka ba sai bayan ka yi rantsuwar zama ɗan ƙasa.