Tambaya da Amsa: Idan na rage ruwa a hawasha, ina ribata?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da hawasha, wato gonar ban-ruwa, a yankin Managil na Jazira a Sudan, ina shuka gyaɗa da dawa, da alkama lokacin sanyi. Ɗana ya dage sai mun kashe kuɗi an daidaita gonar da tarakta, mu rage ruwan da muke saki, har yana maganar tiyo mai ɗigo. Ni dai na san kuɗin ruwa a kan faddan (ma'aunin fili, kusan eka ɗaya) ake yanka shi, mai sha da yawa da mai sha kaɗan biyansu ɗaya. To me zan samu? Daga wani mai karatu a Managil.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Lissafinka bai kuskure ba, takardar biyan kuɗin ruwa ba za ta ragu ba. Ribar a buhu za ka gan ta.

Ka fi ni sanin ƙasar Jazira. Baƙar laka ce mai nauyi, in ta bushe ta tsattsage, in ta jiƙa ta haɗe baki, ruwa ya kwanta a kanta kwana da kwanaki. Gonar da ba ta daidaita ba kuwa, kafin ruwa ya hau tudun, kwarin ya riga ya zama tafki. Saiwa ta rasa iska, ganyen gyaɗa ya yi rawaya, takin yuriya da ka saya da tsada ya salwanta, ciyawa ta samu abin da take so, ka sake biyan masu nome ta. Duk wannan kuɗi ne yake fita daga aljihunka ba tare da an rubuta maka rasit ba. A nan ina tare da ɗanka ɗari bisa ɗari.

Akwai kuma maƙwabcinka na ƙarshen tur'a, wato magudanar da ke kawo muku ruwa, kuma shi ne ya fi damuna. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, ruwan Jazira gangarowa yake yi da kansa, ba famfo. Da aka ƙara Managil, filin ya haura faddan miliyan 2. Lakar da Shuɗin Nilu ke kwasowa daga tsaunukan Habasha tana cike magudanai duk damina, abin da ke isa ƙarshe ya ragu. In na gaba ya bar Abu Ishirin, ƙaramar magudanar da ke raba wa gonaki ruwa, a buɗe dare da rana, na baya sai ya yi hayar injin ya sayi man dizal, ko alkamarsa ta ƙone. 'Yan'uwanmu mazauna kambo, wato zangon ma'aikatan gona, masu aikin ƙwadago da noman raba-daidai, su suka fi shan wannan wahala, domin in girbi ya lalace ba su da wani abin dogaro. Ruwan da ya kwanta a banza kuma shi ke kawo sauro da tsargiya, kuɗin magani ya biyo baya. Ka tuna rabon Sudan a yarjejeniyar ruwan Nilu ta 1959 kubik mita biliyan 18.5 ne a shekara, na Masar 55.5, kuma Jazira ce ke shan kaso mafi girma a namu.

Batun tiyo mai ɗigo ne ban yarda ku fara da shi ba. Ruwan tur'a da laka yake zuwa, yana toshe ƙananan hujojin, sai an haɗa da matata da famfo mai turawa. Ya dace da masu lambun tumatir da albasa a bakin kogi wajen Mai Wurno, waɗanda dama da injin suke jan ruwa, duk litar da suka rage man dizal suka rage. A dawa da alkama zai daɗe bai mayar da kuɗinsa ba.

Ku fara da daidaita ƙasa. Ku yi magana da mutanen nimrarku, wato jerin gonakin da ke sha daga Abu Ishirin ɗaya, ku ɗauko tarakta tare, ya fi sauƙi, ku yashe Abu Ishirin da Abu Sitta, magudanar cikin hawasha, kafin shuka, a tsayar da wanda zai rufe ruwa in ya kai ƙarshen kunya. In har yanzu zuciyarka ba ta kwanta ba, Alhaji, ka ba yaron rabin hawashar bana ya yi yadda yake so, ka riƙe rabi. Ku rubuta abin da kowa ya kashe na taki da noma, ku ƙirga buhuna ranar sussuka.