Amsa ga mai son saƙa wa jaririn yayarta kayan barka

'Yar'uwa, kin ce yayarki za ta haihu nan da wata biyu, kina son kai barka da abin da hannunki ya yi, amma kwanan nan kika fara riƙe kwarashi. Ni dai shawarata, ki bar batun riga tukuna. Wuya da hannun riga suna buƙatar lissafin ƙari da ragi, nan ne sabon hannu ke warwarewa sau goma. Ki yi hula da safa, in lokaci ya ragu ki ƙara ɗan shawul.

Ki fara duba watan haihuwar. In Disamba ne ko Janairu, ulu ya dace da hunturu. In kuwa Afrilu ne, zaren auduga za ki nema, don ulu zai fito wa yaro da ƙurajen zafi. Kafin ki biya, ki goga zaren a wuyanki. In ya yi miki ƙaiƙayi, ajiye musu abinsu. Ki saya gaba ɗaya a rana ɗaya, domin launi kan ɗan bambanta in kin koma ƙari. Kwarashi mai milimita 3 ko 4 ya isa.

Hular ki yi ta da ɗan yalwa, kan jariri ba ya jira. Na taɓa saƙa wata daidai-wa-daida, ranar suna kaɗai aka sa ta. Kada ki maƙala duwatsun ado ko ƙananan maɓallai, yaro na iya haɗiyewa. Ki wanke da sabulu marar ƙarfi, ki shanya a shimfiɗe kafin ki naɗe.