Tambaya da amsa: Ana iya sake cika harsashi a gida da hodar zamani?

Tambaya daga wani matashi a Tawa: "Baba barka da aiki. Na ga bidiyo a YouTube, mutanen Amurka suna tara kwanson harsashi su sake cika shi a gida da hodar nan marar hayaƙi. Mahaifina maharbi ne, bindigar toka gare shi, albarushi kuma ya yi wuyar samu. Mu ma muna iya yin haka? Ko kuwa in buɗe harsashi in juye mai hodar cikin bindigarshi?"

Amsa: Ɗana na gode da ka tambaya kafin ka taɓa, Allah shi yi maka albarka. Na yi shekaru ina kula da ma'ajin makamai lokacin da nake cikin kaki, to bari in fara da tambayarka ta biyu don ita ce ta tada min hankali. Kada ka kuskura ka zuba hodar harsashi cikin bindigar toka, ko ɗan kaɗan ne, ko an gauraya da albarushi ne. Sunan ne ke ruɗin mutane, duka ana ce masu hoda, amma ba abu guda ba ne ko kusa.

Albarushin da mahaifinka ya sani tsohon abu ne, in ya kama wuta fiye da rabinshi toka da dauɗa yake komawa, shi ya sa kake ganin hayaƙin nan fari da warin ƙibiritu, bututu ya yi baƙi sai an wanke. Hodar zamani kuwa wani Bafaranshe ne mai suna Paul Vieille ya haɗa ta a 1884, daga auduga da aka sarrafa da sinadari, sojan Faransa suka fara aiki da ita cikin bindigar Lebel ta 1886. Ita kusan dukanta iska take komawa, ƙarfinta ya kai ninki uku na albarushi. Kuma ga halinta da ya fi muni, in ka kunna ta a fili ci kawai take yi da wuta kamar busasshen haki, sai mutum ya raina ta, amma in tana kulle cikin ƙarfe duk yadda matsi ya ƙaru haka cinta ke ƙara sauri, saurin kuma ya ƙara matsin, duk cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba.

Bari in ba ka lissafi ka gane. Tayar ƙaramar mota iskarta ba ta wuce bar 2 zuwa 3, bar shi ne ma'aunin matsi. Harsashin .308 Winchester da masu farauta ke amfani da shi a Turai, iyakar da aka yarda mai ita ce bar 4,150. Bindigar da aka ƙera don wanga matsi ƙarfenta na musamman ne, kuma a ƙasashe irin su Beljiyam da Faransa sai an gwada ta da harsashin da ya fi na kullum ƙarfi an buga mata hatimi kafin a saida ta. To ita bindigar baba fa? Bututu ne maƙeri ya samo, wani lokacin na ruwa wani lokacin na sitiyarin tsohuwar mota, ya toshe gindi ya ɗaure a kan itace.

Na taɓa riƙe irin wadda aka zuba wa hodar harsashi da hannuna. An kawo mana ita cikin buhu, bututun ya tsage daga gindi ya buɗe gida uku kamar an fasa kara, itacen ya rabu biyu, jini ya bushe a wajen kunamar. Mai ita dattijo ne, yatsu biyu na hannun hagu suka tafi, ido guda kuma bai sake gani da shi ba. Yaro ne ya tsinto harsasai ya ba shi, shi kuma ya auna hodar da ma'aunin da ya saba auna albarushi shekara da shekaru. Har yanzu in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Yanzu maganar bidiyon. Gaskiya ne a Amurka mutane na yin wanga aiki, dokarsu ta yarda, wasu don rage kashe kuɗi wasu don harsashin ya dace da bindigarsu wajen gasar harbi. Amma abin da bidiyo na minti biyar ba ya nuna maka shi ne abin da ke bayan mutumin. Hodarshi cikin gwangwanin kamfani ta zo da suna da lamba, don iri-iri ce sun fi ɗari, wata mai saurin ci ta ƙaramar bindiga wata mai nawa ta doguwa, kuma da ido ba ka iya rabe su, in ka sa ta ƙarama a doguwa ko bindigar kamfani ce tana iya fashewa. Yana da littafin da kamfani ya fitar bayan gwaji da na'urar auna matsi. Yana da sikeli mai auna giren, giren guda bai kai kashi ɗaya cikin 15 na giram ba, su kuma har kashi ɗaya cikin goma na giren suke kula da shi. Duk da haka suna samun hatsari, wani ya zuba sau biyu, wani ya manta bai zuba ba dalma ta maƙale cikin bututu ya sake harbi a kanta. Kai kuwa hodar da za ka samu daga harsashin tsintuwa ba ka san sunanta ba, ba ka san shekarunta ba, ba ka san ranar da ta sha ba.

Kuma rana ba ƙaramar magana ba ce wajenmu. Ka san yadda Tawa take a watan Afirilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, ɗakin kwano ya zama tanda. Hodar zamani zafi na ƙara mata matsi lokacin harbi, kuma in ta daɗe cikin zafi lalacewa take yi, ta fara wari mai yaji tana fidda ƙura ja-ja kamar tsatsa, irin wadda ta kai nan tana iya kamawa da kanta. Mu a ma'aji kullum sai an duba zafin ɗaki. Kwanson ma da kake gani yawancin na soja da ke yawo a yankinmu na ƙarfe ne ba jan ƙarfe ba, ba a yi su don a sake cikawa ba.

Sannan ɗana, nan Nijar ne. Riƙe bindiga da harsashi sai da takardar izini daga hukuma, farauta ma tana da dokarta ta 1998 da izininta wajen ma'aikatan gandun daji. A 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a Tiliya da Tasara cikin jihar taku, ka fi ni sanin yawan shingayen da ke kan hanya. Ka ɗauka jandarma ya buɗe jakarka ya tarar da kwanso tsibi da hoda cikin leda, mi za ka ce mai? Ba zai tsaya jin labarin zabo da zomo ba, kuma ba kai kaɗai abin zai shafa ba, har tsohon da kake so ka taimaka.

In akwai harsasan tsintuwa a gidanku yanzu, kada ka buɗe su, kada ka jefa su wuta ko masai, ka nisanta su da yara da murhu. Ka gaya wa mai unguwa ko hakimi ya raka ka wajen jandarmomi a miƙa su, akwai ma hukumar CNCCAI da aka kafa tun 1994 don karɓar makaman da ba su kan ƙa'ida. Shi kuma baba ka zauna da shi ka faɗa mai labarin dattijon nan, ka ce in albarushin da ya saba bai samu ba ya rataye bindigar har ya samu, in yana so ya ci gaba da farauta kuma ku je wajen gandun daji tare a duba takardunshi. Ka gaida min shi da kyau.