Dutsen da ka tsinta mai kama da ƙwai: ga yadda nake bambancewa

Salamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce ka tsinci wani mulmulallen dutse a busasshen rafi, kamar ƙwai, da tsaga-tsaga a jikinsa, kana so ka san ko ƙwan dinoso ne, irin dabbobin nan da suka ƙare tun zamanin da, da yadda ake gane fosil, wato burbushin halittun da suka zama dutse, a cikin duwatsu na yau da kullum.

Na daɗe ina wannan tsince-tsince, kuma abin da ya fi ruɗa ni da farko shi ne siffa. Ruwa da iska suna sassaƙa dutse ya fito kamar ƙashi, kamar haƙori, har kamar kan dabba. Shi ya sa yanzu kafin in juya dutse a hannu nake fara duban inda ya fito. Fosil kusan kullum a dutse mai hawa-hawa yake, irin wanda laka ko yashi ko farar ƙasa suka kwanta bisa juna har suka daskare. Idan dutsen wurin giranit ne mai ƙyalli-ƙyalli, ko baƙin dutsen aman wuta, da wuya ka samu komai, domin narkakken dutse ne ya huce, zafinsa ba ya barin halitta. Sai dai rafi yana ɗauko duwatsu daga nesa, don haka ka bi shi sama ka ga gaɓar da suke zubowa.

Naka kuwa, yadda ka kwatanta shi, na fi zaton curin ma'adinai ne. Ma'adinai kan taru a kewayen wani ɗan abu a cikin laka, su yi ta kauri har su dunƙule, wani lokaci cikin ya tsattsage. Ƙwai na gaske yana da ɓawo siriri wanda ya bambanta da abin da ke ciki, kaurinsa ɗaya ko'ina, da ƙananan ramuka na numfashi. Amma kada ka yar da shi. Na taɓa samun irinsa da ya rabe da kansa, sai ga ƙwanson halittar ruwa a tsakiya, tsaf da layukansa.

A kan ƙashi nake so ka fi natsuwa, nan ne mutane suka fi kuskure. Ka nemi gefen da ya karye, ka duba da gilashin ƙara girma mai ninki 10. Ƙashi yana da santsi a waje, cikinsa kuma huji-huji kamar soso, da zare-zare masu bin tsawonsa. Dutse kuwa cikinsa da wajensa duk ɗaya ne, ƙwaya-ƙwaya. Wasu masana har lasa suke yi, saboda ƙashi yana ɗan kama harshe. Ni na fi son in jiƙa yatsa in taɓa, kuma wannan ba hujja ba ce ita kaɗai, busasshiyar laka ma tana kamawa. Sannan ka gwada nauyi: ƙashin da ma'adinai suka cika ya fi ƙashin dabbar da ta mutu kwanan nan nauyi, launinsa ya kan koma ruwan ƙasa ko baƙi. A al'adar masana, abu sai ya haura shekara 10,000 ake kiransa fosil.

Halitta tana da tsari. Ka duba ko gefen dama ya yi daidai da na hagu, ko layuka suna maimaituwa da tazara ɗaya, ko akwai murɗiya mai ɗaki-ɗaki irin ta amonait, wasu halittun teku masu ƙwanso waɗanda suka ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Icen da ya zama dutse yana riƙe da zaren ice, wani har da kulli. Wanda ya fi yaudara shi ne baƙin zane mai rassa a fuskar dutse, kamar ganye. Wani ma'adini ne da ake kira manganis ya bi tsaga tare da ruwa. Ganye na gaske yana da iyaka da jijiya a tsakiya.

Kada ka fasa shi da guduma, kada ka kankare da ƙarfe. Burushi mai laushi ya isa. Ka ɗauki hotonsa ta kowane gefe da rula kusa da shi, ka rubuta ainihin wurin da ranar, domin fosil da ba a san inda ya fito ba ya rasa rabin amfaninsa. Idan ka ga ƙasusuwa da yawa a jere cikin gaɓa, ka bar su a wurin, ka sanar da gidan tarihi ko sashen ilimin duwatsu na jami'a mafi kusa, domin ƙasashe da yawa sun hana tonowa ba izini. Ka turo mini hoton gefen da ya tsage a hasken rana, in duba ko akwai ɓawo.