Amsa ga Hajiya kan ƙara gilashi na biyu a tagogi

Assalamu alaikum. Hajiya, na karanta tambayarki. Kin ce ɗanki da ke Faransa ya ba ki shawara a ƙara wa tagogin gidanki na Yantala gilashi na biyu daga ciki, kamar yadda suke yi can, kina son ki san ko zai rage zafi da kuɗin kuran, wato wutar lantarki, kafin bazara ta kama. Aikin alminiyom da gilashi shi ne sana'ata a nan Yamai, na daɗe a cikinsa, na sa irin wannan taga a gidaje da ofisoshi, na ga inda ta yi amfani, na ga inda kuɗi suka tafi a banza.

Ɗanki bai faɗi ƙarya ba, abin yana aiki. Sai dai su can sanyi suke gudu, suna so ɗumin ɗaki ya zauna ciki, rana ma in ta shigo murna suke yi. Mu ranar ce matsalarmu, kuma gilashi biyu ba ya tare ta. Saboda haka ni ba da shi nake fara wa mutum ba.

Zafi yana shigowa ta taga ta hanya uku: hasken rana da ke ratsa gilashi, iska mai zafi da ke bin ƴan ƙofofin gefen taga da ba su rufu da kyau ba, sai zafin da ke bin jikin gilashin kansa. Gilashi na biyu na ukun yake ragewa, iskar da aka kulle tsakanin gilasan biyu ita ce ke yin aikin. Ga lissafin. A ce waje yana digiri 45, kamar yadda muke gani a Afrilu da Mayu, kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya riƙe ɗaki a 25. Gilashi ɗaya mai faɗin murabba'in mita guda zai shigo da zafin da ya kai wat 115 ko kusa da haka (wat shi ne ma'aunin ƙarfin zafin). In an ƙara na biyu sai ya sauko wajen wat 60. An rage rabi, madalla. To amma wannan tagar in tana duban yamma, daga la'asar rana tana zuba mata wat 500 ko fiye. Farin gilashi ɗaya yana barin sama da kashi 8 cikin 10 su wuce, biyu kuma suna barin kamar kashi 7. Kin ga abin da aka tare bai taka kara ya karya ba in an gwada shi da abin da ya wuce. Mota da aka bari a rana da gilasai a rufe ita ce misalin, kowa ya san abin da zai tarar in ya buɗe ta.

Don haka inuwa ce farko, kuma daga waje. Labule mai kauri yana taimakawa kaɗan, amma kafin rana ta iso kansa ta riga ta shigo ɗaki. Tagogin gabas da yamma su ne masu wahala, domin rana tana dukansu a kwance. Su ake yi wa rumfa mai zurfi, ko asabari a rataya daga waje a bar tazara da bango, ko murfin ƙarfe mai yanka-yanka da masu walda na Katako ke yi, a shafa masa farin fenti. In akwai fili a dasa dogon yaro ta yamma, ko da zai ɗauki shekaru. Na kudu da arewa ba su da rigima sosai. A Yamai rana tana bi ta tsakar ka a ƙarshen Afrilu, ta koma ɓangaren arewa har tsakiyar Agusta, kuma duk lokacin da tsakar rana tana can sama, ɗan baranda kaɗan ya ishe su.

Ki duba rufin gidan ma. In kwano ne ba falafon kirki, wato silin, a ƙarƙashinsa, zafin da ke saukowa daga sama ya fi na duk tagogin, can ya kamata kuɗin su fara zuwa.

Sai ƙofofin iska. Wannan gwajin ba ya cin ko dala: ranar da ake hazon hunturu ki rufe taga ki kwana, da safe ki duba inda ƙura ta kwanta a bakinta. Duk inda ƙura ta bi, nan sanyin kilim ke fita. Tagogin alminiyom masu zamewa suna da ɗan buroshi a gefe wanda ke cinyewa, ana canja shi. Tsakanin firam da bango a cike da silikon.

In an gama waɗannan, ɗakin da ya cancanci gilashi na biyu shi ne wanda kilim ke aiki a cikinsa awoyi da yawa, kamar ɗakin kwana. Ɗakin da fanka kawai ke ciki kada ki taɓa shi. Shi maganinsa a rufe da rana, a buɗe da dare iska ta ratsa. Inda na fi ganin amfaninsa ƙarara shi ne tagogin nako na tsofaffin gidaje, masu ƴan gilasai jere. Nako ba ya taɓa rufuwa ruf, ko sabo ne. In aka sa masa taga mai zamewa daga ciki, ƙura ta ragu, kilim ya samu hutawa, ƙarar babura da masu talla ta yi ƙasa sosai. Mutane da yawa da na yi wa aikin, shirun da suka samu suka fi yi mini godiya a kai.

Ga abin da za ki gaya wa mai aikin. Ya yi firam dabam a cikin kaurin bango, kada ya manna sabon gilashi a jikin tsohon. Don zafi kaɗai, tazarar santimita 2 ta isa. In kina son rage ƙara, a bar santimita 10, bulo mai kaurin santimita 15 ko 20 yana ba da wurin. Kaurin gilasan ya bambanta, in na waje milimita 4 ne na ciki ya zama 6, sun fi tare ƙara a haka. Gilashi mai duhu, in za a sa, na waje ya zama shi, domin yana shan zafi a jikinsa, in yana ciki ɗakin zai bai wa. Roba mai kama da gilashi ba na son ta a ƙasarmu: ana goge ƙura sai ta karce, zafi kuma yana sa ta miƙe ta lanƙwashe.

Abu biyu ne ba na sassautawa a kansu. Na farko, dole gilashin cikin ya buɗu ko ya ciru. Ƙura sai ta sami hanyar shiga tsakani, kuma da damina, in kilim yana 18, raɓa tana kwantawa a bayan gilashin ciki, tunda shi ne mai sanyi. Shi ya sa a wurinmu tagar waje ake fi kula da toshewarta, akasin yadda suke yi a Turai. In kin bar kilim a 25 ko 26 raɓar ba za ta dame ki ba, kuɗin kuran ma su sauka. Dalili mafi girma na ya riƙa buɗuwa kuwa shi ne rai. Kuran yana ɗaukewa da bazara, ɗakin da aka liƙe ba ya zaunuwa, ga yara, ga tsofaffi. Tagoginmu kuma akasari da ƙarafan tsaro, Allah ya tsare, in gobara ta tashi hayaƙi yana bukatar mafita. Na biyu, ɗakin da aka toshe haka, kada a shiga da gawayi ko murhun gas don jin ɗumi da hunturu. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.

Shawarata, Hajiya, kada ki yi gidan duka a tashi ɗaya. Ki fara da ɗakin da kike kwana: inuwa daga waje, a toshe ƙofofin iska, sannan gilashi na biyu in har yanzu kina ganin bukata. Ki gwada faktir ɗin kuran na Afrilu da na Afrilun bara, amma yawan kilowat za ki duba, ba kuɗin ba. Ki rubuto mana inda kowace taga ke duba, irin tagar, da ko rufin kwano ne ko na kankare, in sha Allahu zan gaya miki wadda za a fara da ita.