Ƙanwata, kada ki bari su karya miki gwiwa a kan kwas ɗin laburare

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na ga tambayarki. Kin ce lauya kike son zama, aka ba ki kwas ɗin laburare, a gida kuma ana ta cewa ƙarshenki mai gadin littattafai, shin ki karɓa ko ki sake JAMB baɗi. Wallahi jikina ya yi sanyi da na karanta, don babu kalma ɗaya a ciki da ba a faɗa mini ba. Ma'aikaciyar laburare ce ni a nan Jos, kuma na daɗe a cikin aikin.

Mutane sun ɗauka aikinmu zama ne a kujera da tabarau, ana gyangyaɗi, ana ɗaure fuska ana cewa a yi shiru. Wasu su ce aikin malalata ne, wasu su ce waya ta kashe shi. Na 'yan uwa ma da sauƙi, rashin sani ne. Wanda ya fi ƙona mini rai shugabana ne a wata makaranta mai zaman kanta inda na fara aiki, mutum mai ilimi, mai digiri a kan digiri. Ɗakin karatun ya mayar sito: karyayyun kujeru, buhunan siminti, duk nan ake jibgewa. In za a yi taro ni ake aika in kawo ruwa da lemo, wai tunda ba ni da aikin yi. Ran nan a gaban malamai ya ce, "Ku 'yan laburare me kuke yi banda ɗumama kujera?" Aka yi dariya. Na shiga bayan kantocin littattafai na yi kuka har idona ya kumbura.

Sai ga masu tantance kwasa-kwasai za su zo. Nan fa aka tuna da ni. Na kwashe tarkacen nan, na kakkaɓe ƙura cikin sanyin hunturun Jos har ƙirjina ya kama, na ba kowane littafi lambarsa, na shigar da su rajista, ina kaiwa dare ga goyo a bayana. Baƙi suka zo suka yaba, aka ci tantancewa. Da ya tashi godiya ya ambaci kowa har direba, sunana bai fito daga bakinsa ba. Bayan sun tafi aka dawo da kujerun. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, na dai bar shi da Allah. Ba kuɗi na nema ba, sannu kawai.

Amma ki ji, ko a lokacin ban tsani aikin ba. Ɗalibi zai shigo a ruɗe, malami ya dawo masa da furojet, bai san ta ina zai fara ba. Ki zaunar da shi, ki yi masa tambayoyi har ya gane abin da yake nema, ki nuna masa mujallun bincike a intanet, ki koya masa bambance ingantaccen rubutu da shirme. Ya fita fuskarsa a sake. Wannan daɗin ban san yadda zan kwatanta miki shi ba. Wasu bayan shekaru suna tare ni a kasuwar Terminus su gaishe ni, ni ma na manta fuskarsu.

Ki gaya wa Baba sana'a ce mai doka. Tun 1995 aka kafa hukumar rajistar ma'aikatan laburare, LRCN, ƙungiyarmu ta ma'aikatan laburare na Najeriya, NLA, kuwa tun 1962 take. A jami'a ma'aikacin laburare yana cikin sahun malamai, yana bincike yana wallafawa kafin a ƙara masa girma, kuma shugaban laburare yana cikin manyan jami'an gudanarwa tare da rajistara da ma'aji. Tunda shari'a kike so, kotuna da Majalisar Tarayya a Abuja duk suna da laburarensu, kuma lauyoyi ba sa rabuwa da mai nemo musu tsofaffin hukunce-hukunce. Marubutanmu ma, lambar ISBN da ke bayan littafi daga Laburaren Ƙasa ake samunta.

Ba zan ɓoye miki ba, ba a yin kuɗi da sauri a nan, kuma ƙasar ba ta riƙe mu da daraja ba. Hedikwatar Laburaren Ƙasa a Abuja tun 2006 aka fara gininta, aka yi ta jira shekara da shekaru. Amma da gobara ta ci laburaren Jami'ar Jos da ke harabarta ta Naraguta a watan Oktoban 2016, ranar na ga manyan malamai suna share hawaye. Ayyukan bincike na shekaru suka tafi. Abin da ke tayar mini da hankali ke nan game da rubuce-rubucen Larabci da ke gidan tarihi na Jos, da na ajami da ke cikin akwatunan kakanninmu gara tana ci. Wa zai ɗauki hotonsu ya adana a kwamfuta in 'ya'yanmu masu iya karanta ajami suna gudun kwas ɗin? Ke in kin yi allo, kina da abin da da yawa daga abokan karatunki ba su da shi.

Ki dage da kwamfuta tun daga aji ɗaya, ki koyi Koha, manhajar tafiyar da laburare, kada ki tsaya a kan Dewey, tsarin jera littattafai da lamba, na takarda kawai. In kin je aikin sanin makama, ki roƙi a sa ki sashen katalog, inda ake ba littattafai lamba a shigar da su rajista, ko da kowa yana gudunsa. Kuma don Allah duk inda kika samu aiki, ki nemi a rubuta miki ayyukanki a takarda tun ranar farko, kada wani ya mayar da ke 'yar aike. In kina da asma ki riƙa sa takunkumi saboda ƙurar littattafai.

Ni dai shawarata ki yi istihara ki karɓa. Shekara guda a gida ba wasa ba ce ga 'ya mace, kin san maganar da za ta biyo baya. In Mama ce ta fi damuwa, ki yi mini magana ta akwatin saƙo, ni da kaina zan kira ta mu yi magana.