Amsa: Romon ƙashin saniya a tukunyar matsi ta lantarki

Hajiya, kin ce romonki yana fitowa tsululu, kuma baya daskarewa. Ruwa ne ya yi yawa, ko ƙashin ɓargo zalla kika sa.

Ki ce wa mahauci a kasuwar Dole ta Damagaram ya haɗa miki ƙashi kilo 2, har da ƙafa da gaɓoɓi, su ke kawo kauri. Ki tafasa su minti 10, ki zubar da ruwan farko. Sabon ruwa ya rufe ƙashin kawai, kada ya haura layin kashi biyu cikin uku na tukunyar. Sa albasa da citta, awa 2 a matsi mai ƙarfi. Kada ki saki tururin da hannu, romon zai gurɓace; bar shi ya sauka da kansa. Gishiri sai ƙarshe.

Da zafin Damagaram, kada romon ya kwana a wajen firiji. In tururi na fita ta gefen murfi, kai wa mai gyara ya duba robar.